Rawaya Ba Ta Riƙe Sirri

A teburin mai shayin bakin tasha aka ƙulla cinikin, da hantsi, lokacin da ƙudaje suka gama da kwandunan kifi suka dawo kan gwangwanin madara. Mutum biyu ne. Ɗaya Dakta ce, mace daga cibiyar binciken teku, siririya mai tabarau, da takalmin roba da ya fi ƙafarta girma. Ɗayan kuwa tsohon masunci ne da kowa ke kira Ƙusa, don in ya kafe a kan magana sai dai a fasa katakon.

Abin da Dakta ke so ba shi da nauyi a baki. Cibiyarsu ta samu sabuwar na'ura mai nutso, wadda ke yawo ita kaɗai a ƙarƙashin ruwa tana aune-aune tana saurare. So take ta kai ta inda manyan kifaye ke taruwa su yi ƙwai, ta naɗi kukansu. Duk wanda ta tambaya a tashar amsa ɗaya yake ba ta: wurin yana nan, ana ce masa Rumbu, kuma mutum ɗaya ne ya san hanyarsa.

"Baba, kai ni kawai za ka yi," in ji ta. "Ko kifi ɗaya ba zan taɓa ba."

Ƙusa ya hura shayinsa. "Na ji an ce abin nan naki yana sanin inda ruwan sanyi ya nufa."

"Yana sani."

"To kifi ruwan sanyi yake bi. Duk abin da ya jiyo, ni zan fara ji kafin Daraktanki. Wannan ɗaya."

"Na biyu fa?"

"Bakinki. Ba mijinki ba, ba uwarki ba, ba matashin kanki ba."

Dakta ta yi dariya, ta ga shi bai yi ba, ta haɗiye sauran. Ta rantse masa cewa sunan wurin da hanyarsa ba za su fita daga bakinta ba. Ƙusa ya dube ta ta saman kofi, irin duban da yake wa kifi a kwando in yana shakkar na jiya ne. Bai ga alamar ruɓa ba. Ya ce wa mai shayi ya ƙara mata madara.

Rumbu gado ne. Ubansa ya nuna masa, shi ma uban nasa sai da tsufa ya fara cin gwiwarsa sannan ya nuna. Ƙusa ya yi yawon duniya da ƙuruciya a manyan jirage, ya wanke benen jirgi, ya ja taru, ya sha duka a tashoshin da bai iya faɗin sunansu ba, ya dawo gida da karyayyen haƙori da darasi guda: abin da ka sani kai kaɗai, shi ne naka, sauran na jama'a ne. Da Rumbu ya gina gida, da shi ya aurar da 'ya'ya. In zai je sai ya nufi gabas har tashar ta ɓace, ya kashe inji ya ci abinci, ya tabbatar ba mai bin sawunsa, sannan ya juya. Ko surukinsa, mijin babbar 'yarsa, wanda ke kula masa da inji kuma ake kira Direba, bai san hanyar ba. Da an kusa sai Ƙusa ya karɓi sitiyari ya ce, "Shiga ƙarƙashin tamfol ka duba min igiyoyi." Direba ya yi jika ma yanzu, amma igiyoyin nan bai gama duba su ba.

Ranar tafiya aka kawo na'urar a bayan motar cibiya. Doguwa ce kamar mutum a kwance, launin rawaya, da fikafikai biyu da siririyar jela. Ba ta da farfela. Dakta ta ce nauyinta take ƙarawa ta gangara ƙasa, ta rage ta taso, da haka take tafiya wata da watanni ba ta nemi mai ba.

"Ba ta ci, ba ta sha, ba ta neman hutu," in ji Ƙusa. "Direba, ka ji irin ma'aikatan da ake yi yanzu?"

"Na ji, Baba. Ita ma ƙarƙashin tamfol za ta shiga?"

Tun daga nan sunanta ya zama Rawaya.

Kafin a tayar da inji Ƙusa ya fito da tsohon gwangwanin biskit mai murfi. Ya karɓi wayar Dakta, ya karɓi agogonta, ya karɓi ta Direba, ya zuba a ciki, ya miƙa wa mai shayi ajiya. Ya san waɗannan abubuwan munafukai ne, suna faɗin inda mutum yake. Ya shafa aljihunsa cike da gamsuwa, sannan ya kama kan Rawaya, Direba ya kama jelar, suka kwantar da ita a jirgi a hankali kamar mara lafiya.

A hanya Dakta ta yi ta bayani. Ta ce Rawaya takan taso lokaci-lokaci ta ɗaga jelarta sama ta aika wa tauraron ɗan'adam abin da ta samo. Ƙusa yana ta "uhm, uhm", idonsa na can baya yana neman jirgin da ke bin sa. Bayanin 'yan boko a wurinsa kamar ƙarar inji ne, in dai yana yi lafiya ba ka saurarensa.

Suka isa. Ruwa ne kawai, kamar kowane ruwa. Ƙusa ya kwanta ya ɗora kunnensa a kan katakon ƙasan jirgi, ya yi murmushi, ya yafito Dakta. Ta kwanta ita ma. Daga can ƙasa wani gurnani ke tasowa, kamar ana kiɗa a gari mai nisa.

"Suna nan," in ji ta.

Suka zura Rawaya. Ta ɗan yi iyo a sama, ta sunkuyar da kai, ta tafi.

Makonnin da suka biyo baya Ƙusa bai taɓa ganin irinsu ba. Kowace safiya Dakta ta kira shi ta ce ruwan sanyi ya karkata kudu, ko ya matso gaɓa, shi kuma ya je ya jefa ƙugiyoyinsa daidai wurin. Ya riƙa dawowa jirgi a danƙare. Uwar yara, matarsa, ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa jin yana waƙa a banɗaki ba sai bana.

Waƙar ta yanke ne a masana'antar ƙanƙara. Ƙusa na tsaye a layi da buhunansa, ruwan sanyi na bin ƙasan siminti yana jiƙa masa ƙafa, sai ga Mai-Jirage ya fito daga ofis. Shi ke da masana'antar, shi ke da manyan jiragen nan masu jan taru a ƙasan teku, waɗanda in sun wuce ta wuri ko kaguwa ba sa bari. Ƙato ne mai ƙaramar murya, kullum da ƙamshin turare ko a cikin ƙarnin kifi.

"Tsoho, zo ka ga wani abu."

Ya miƙo waya. Taswirar teku ce, shuɗiya, ga gaɓa, ga tasha. Can a gefe wasu ɗigo-ɗigo ja sun taru suna kewaya wuri guda kamar tururuwa a kan sukari. Ƙusa bai yi karatu mai nisa ba, amma ya yi shekaru yana kallon taswira a ɗakin matuƙan manyan jirage. Nan take ya gane Rumbu ne.

"Shafin intanet na masu bincike ne," in ji Mai-Jirage. "A buɗe yake, kyauta. Yarona na ofis ya tsinto. Tun zamanin ubana ake neman wurin nan, ashe jira ya kamata mu yi ka kai mu da kanka. Na gode, Tsoho."

"Wurin yana cikin layin da aka ware wa ƙananan masunta," in ji Ƙusa. "Doka ta hana manyan jirage shiga."

"Doka ta ce a kawo shaida. Jiragena in sun kusa layi na'urarsu mai nuna inda suke takan samu matsala. Ka san kayan lantarki da ruwan gishiri." Ya mayar da wayar aljihu. "Ka tsufa da rana. Zo in ba ka kujera a nan, ka riƙa duba min masu awo. Fanka, shayi, ba igiyar ruwa."

"Ranka ya daɗe, ajiye kujerar," in ji Ƙusa. "Za ka buƙace ta."

Ya bar buhunan a layi ya fita.

Cibiyar tana ƙarshen titin tasha, bayan shagunan masu gyaran inji. Ƙusa bai tsaya wa mai gadi ba. Ɗakin Dakta sanyi kamar masana'antar da ya baro, ga kwalabe jere da ruwan teku a ciki, ga wayoyin lantarki a ƙasa kamar taliyar da ta zube, ga allunan kwamfuta uku. A na tsakiyar ya ga ɗigon nan ja.

"Kin rantse min."

Dakta ta dubi allon, ta dube shi, ta sake duban allon. Ya ga lokacin da abin ya faɗo mata, don fuskarta ta yi kamar an watsa mata toka.

"Baba, ban faɗa wa kowa ba. Wallahi ban faɗa ba. Ƙa'idar aikinmu ce, duk abin da na'ura ta aiko yana hawa shafi kai tsaye, don masu bincike na ko'ina su amfana. Shafin nan ba mai buɗe shi sai irinmu. Ban taɓa ɗaukarsa a matsayin faɗa ba."

"Irinku da Mai-Jirage."

Ta cire tabarau ta riƙe kai. Ba ta kare kanta ba, kuma wannan ya ɓata wa Ƙusa shiri, don ya zo da zagi cike da baki ba inda zai sauke. Kuma yana tsaye a nan ya tuna gwangwanin biskit. Ya kulle ƙananan munafukai uku a wurin mai shayi, ya ɗauki uwarsu a kafaɗa ya kai ta har ɗaka. Ya ja kujera ya zauna.

"Goge shi."

"Ko na goge, sun riga sun kwafa."

Ta danna wani abu. Ɗakin ya cika da gurnanin nan, amma ba kamar ta katako ba. A fili, dubbai, wani na kira wani na amsawa, har kwalaben suna ɗan rawa. Sannan ta nuna masa hoton ƙasan da Rawaya ta zana: wani dogon tudun dutse mai koguna, da kwarin yashi a gefensa kamar titi. Ƙusa ya matso da kujera. Tun yana saurayi yake cin abinci a kan wurin nan, yau ya fara ganin fuskarsa.

"In taru ya bi ta nan sau biyu, sau uku," in ji Dakta, "kiɗan nan ya ƙare. Ba za su dawo ba."

Ƙofa ta buɗe, Darakta ya leƙo, mutum mai furfura a gyare da katin aiki a wuya. Labari ya riga ya iske shi. Ya ce wa Dakta a ɗauko na'urar gobe-gobe a kai ta wani wuri, tun kafin manyan jirage su tattake ta, don cibiya ba ta da wata, kuma ba aikin cibiya ba ne shiga rigimar masunta. Ya ɗan sunkuyar wa Ƙusa da kai ya ja ƙofa.

Ƙusa bai ko dube shi ba. Idonsa na kan kwarin yashin. Ya ja taru a irin jiragen nan, ya san halinsu. Ba mai jefa tarunsa a kan dutse ya yage. Ta titin nan za su bi, ba wata hanya.

"Dakta, abin nan naki in an fito da ita daga ruwa, me take yi?"

"Sai ta ɗauka ta taso. Ta yi ta kiran tauraro tana faɗin inda take, har sai an kashe ta."

"Ba ta gajiya?"

"Ba ta gajiya."

"Za ki iya ce mata ta bar yawo, ta tsaya tana sauka tana tashi a nan?" Ya ɗora yatsa a tsakiyar kwarin, ya bar maiƙon kifi a allon.

Dakta ta dubi maiƙon da ke allon. Mace ce mai saurin ganewa.

"Baba, so kake su kama ta."

"Sun ce a kawo shaida. To ga mai bakin da ba ya rufuwa. Ta tona min asiri, sai ta tona na wani ma, a yi adalci."

"Za su iya murƙushe ta. Za su iya wucewa ba su same ta ba. Kuma ka ji abin da Darakta ya ce. In na yi haka aikina ne."

"Na ji shi. Ni ban ce ki yi don kin ci amanata ba, ba ki ci ba, wauta muka yi ni da ke. Cewa na yi kiɗan nan da kika kunna min, in kina son jikokinki su ji, ki ba ni aron bakinta."

Ta mayar da tabarau. Ta jawo allon rubutu gabanta ta fara bugawa.

"Zan ce wa Darakta teku ba ta yi kyau ba gobe," in ji ta. Sai ta tsaya. "A'a. Zan ce masa na ƙi."

A gida Uwar yara ta ji labari tana tsaye a bakin murhu. Ta ce, "Malam, kai da Mai-Jirage? Ƙanƙararsa muke saye, mansa muke zuba wa inji. Ka bar masa ya ci rabi mana, ka ci rabi."

"Taru ba ya cin rabi."

"To in ya hana ka ƙanƙara fa?"

"Sai mu koma shanya kifi, kamar yadda na same ki kina yi."

Ta jefe shi da murfin tukunya, ba ta same shi ba, ba ta kuma yi niyyar samu ba.

Kwanaki suka wuce ba labari. Darakta ya rubuta wa Dakta takardar gargaɗi, ya nemi jirgin da zai je ya ɗauko Rawaya, amma duk masuncin da aka tuntuɓa sai ya ce injinsa na tari. Ba don suna ƙaunar Ƙusa ba, da yawansu sun tsufa suna jin haushinsa. Kawai dai sun ji ƙanshin kallo.

Ranar da abin ya faru, da safe ne, ana yayyafi. Ƙusa na teburin mai shayi sai ga Dakta a guje, takalmin robar na faf-faf, waya a hannu. Ɗigon ja sun bar kewaye. Sun miƙe sun zama layi, kuma layin na tafiya da saurin da Rawaya ba ta taɓa yi ba.

"Tana kan jirgi," in ji Dakta tana haki. "Baba, tana kan jirgi, tana magana!"

Suka zauna suna kallo, masu shan shayi suka zagaye su. Layin ya fito daga Rumbu, ya yi wani lanƙwasa can waje don a ce daga nesa aka taho, sannan ya juyo ya nufo tasha, ɗigo bayan ɗigo. Ƙusa ya aiki Direba ya ɗauko Ofisa, jami'in kula da kamun kifi, mutumin da ya shekara yana cewa a kawo shaida. Direba ya same shi yana karyawa, ya taho da shi da burodin a hannu.

Kafin jirgin ya ɗaure igiya a gadar sauke kaya ta kamfani, rabin tasha na wurin. Mata masu sayen kifi, masu gyaran inji, masu dako, kowa ya bar abin da yake yi. Rawaya na can ƙarshen benen jirgin, a fili, an kewaye ta da tsofaffin tayoyi, fiffike ɗaya a karye, jelarta a sama. Ma'aikatan duk sun taru a ɗaya ƙarshen.

Matuƙin jirgin ya sauko yana share gumi. "Ofisa, gara da ka zo. Bam muka kamo. Tun da ya fito daga taru ba wanda ya runtsa."

Ashe Mai-Jirage lambobin wurin na taswira kawai ya ba shi. Bai gaya masa inda ya samo su ba, bai ce akwai wata aba mai launin rawaya a ruwan ba, don kada matuƙin ya koyi duba shafin ya sayar wa wani kamfani. Da ya faɗa, da tuni an jefa ta ɗakin ƙanƙara a ƙasa inda tauraro ba ya ji. Ƙusa da ya gane haka sai ya ƙyalƙyale da dariya har karyayyen haƙorin ya fito. Ashe ciwon nasu iri ɗaya ne: rowar sirri.

Motar Mai-Jirage ta iso. Ya fito ya dubi jirgi, ya dubi wayar da Dakta ta miƙa wa Ofisa, ya dubi taron. Bai ruɗe ba.

"Na'ura ce," in ji shi da ƙaramar muryarsa. "Na'ura takan yi kuskure. Igiyar ruwa ta jawo ta waje, yarana suka tsince ta. Kyautatawa ma suka yi."

Ofisa ya haɗiye sauran burodinsa. Ya ce layin ya nuna daga cikin iyaka aka ɗauko ta, amma don magana ta tsaya a gaban hukuma yana buƙatar mutum, masunci, wanda zai tsaya ya ce ya san wurin, ya faɗi alamominsa na gaɓa a rubuta, ya shaida cewa matattarar ƙwan kifi ce. Ya ƙara da cewa in har ta tabbata matattara ce, doka za ta rufe wurin duk lokacin ƙwai. Ga kowa, babba da ƙarami.

Duk idanu suka juyo kan Ƙusa.

Mai-Jirage ya matso har turarensa ya rufe ƙarnin tasha. Ya yi ƙasa da murya. "Tsoho, yi lissafi. Waɗannan ba su iya karanta taswira ba, har yanzu ni da kai ne muka sani. Ka yi shiru. In bar maka dutsen, in ɗauki gefe. In ka buɗe baki, gobe kowane mai kwale-kwale yana can, kuma lokacin da kifin ya fi yawa kai ma an hana ka. Me ka ci?"

Gaskiya ya faɗa, kuma Ƙusa ya san gaskiya ce. Ya dubi Dakta, wadda ta hau jirgi ta durƙusa tana shafa karyayyen fiffiken. Ya dubi Direba, da furfura ta fara fito masa a gemu bai taɓa ganin hanyar wurin da yake ci daga gare shi ba. Ya tuna ubansa, da yadda ya sa shi rantsuwa. Sannan ya tuna titin yashin nan, da abin da zai rage a kai bayan an ɗauki gefe.

Ya ture Mai-Jirage da kafaɗa, ba da ƙarfi ba, ya taka wani akwatin kifi ya hau.

"Ofisa, fito da alƙalaminka. Ku kuma ku buɗe kunne, ba zan maimaita ba, kun daɗe kuna bina kamar ƙudaje." Ya ɗaga murya har ta fashe. "Ka fita ka bar hasumiyar tasha a bayanka, har ta hau daidai kan tankin ruwan asibiti. Ka riƙe haka. In tsagin dutsen kudu ya buɗe ka hango farar ƙasa a cikinsa, kashe inji, ka sa kunne a katako. Rumbu ke nan! Na ubana ne, na kakana ne, kifi na ƙwai a can tun kafin a haifi uban wannan mai turaren. A rubuta!"

Tashar ta ɓarke da hayaniya. Wani tsoho ya dafe kai yana cewa shekara nawa yana wucewa ta kan wurin. Direba ya ce, "Baba, tankin asibiti? Tankin da nake gani kullum?"

"Da ka gan shi ta ƙarƙashin tamfol?"

Mai-Jirage ya koma motarsa. Kafin ya rufe ƙofa Ƙusa ya ƙwala masa kira daga kan akwatin, "Ranka ya daɗe! Kujerar nan tana nan ko?"

To, ga yadda aka tashi. Mai-Jirage ya yi asarar lasisin jirgin nan na tsawon shekara, sauran jiragensa kuma na'urarsu ta warke daga ciwon ruwan gishiri, don yanzu Ofisa ya koyi buɗe shafi. Bai talauce ba, irinsu ba sa talaucewa, ya dai hana Ƙusa ƙanƙara kamar yadda Uwar yara ta faɗa. Dakta an ɗauke ta daga aikin Rawaya aka mayar da ita ɗakin kwalabe, kuma Daraktan da ya sa hannu a kan haka shi ya je taro ya kunna wa manya kiɗan kifin aka yi masa tafi. Ta dai ci abu ɗaya: cibiyar ta sauya ƙa'ida, yanzu in na'ura na kan matattara ana ɓoye ainihin wurin kafin ya hau shafi. Rawaya an yi mata sabon fiffike, tana wani ruwan tana zuba surutunta. Ƙananan masunta sun samu Rumbu in lokacin ƙwai ya wuce, da ƙugiya kawai, ba taru. Kifin sun yi asarar tsiri guda na titin yashi, suka tsira da sauran, kuma su ne suka fi kowa riba ba su ma san an yi ba.

Wanda ya fi kowa asara Ƙusa ne. Ba sirri, ba ƙanƙara, ba kiran safe daga Dakta, kuma watannin da ya saba cika jirgi yanzu a tsakar gida yake yin su yana juya kifi a kan ragar shanya, Uwar yara na gyara masa kuskure. Amma kada ka kuskura ka yi masa jaje a teburin mai shayi. Zai ajiye kofi ya dube ka sama da ƙasa.

"Wa ya ƙwace?" zai ce. "Nuna min shi. Ni na bayar, a tsaye, a kan akwati."